Tsuntsaye 'yan ci-rani: baƙin da kaka ke kawowa fadamun Kwandere da bakin tekun Kudu

Duk wanda ya baro gida ya zo Kudu neman abinci ya san ma'anar ci-rani. Ana gama girbi motoci za su fara cikowa daga Arewa, wasu su sauka Sabo a Ibadan, wasu Agege ko Mil 12, wasu su zarce Anacha da Fatakwal. To, a daidai wannan lokacin, daga Satumba zuwa Nuwamba, akwai wata tafiyar da ta fi tamu yawa da nisa, ana yin ta a saman kanmu, galibi cikin dare. Tsuntsaye ne ke barin Turai da yammacin Asiya, su ƙetare teku da hamada, su zo su cinye rani a ƙasashenmu. Wani bincike da aka buga a 2009 ya ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsayen da ke yin wannan tafiya daga Turai kawai sun kai biliyan 2 a kowace kaka, ba a ma sa agwagi da sauran tsuntsayen ruwa a lissafin ba.

Kamar fataken da, su ma ba sa iya tafiyar sai da zango. Zangonsu shi ne fadama, tafki, gonar shinkafa, yashin kogi da laka ta bakin teku. Wannan bayani zai duba irin waɗannan wurare a Kwandere da kewayen Lafiya a Jihar Nasarawa, ya leƙa Haɗejiya da Nguru, sannan ya gangaro inda yawancinmu muke zaune, don mu san abin da za mu iya gani da idonmu, da kuma inda abin ya taɓa sana'o'inmu.

Me ke koro su daga can?

Yunwa ce. Idan hunturun Turai ya shigo, ƙwari su ɓace, tafkuna su daskare, rana ta gajarce. Tsuntsun da abincinsa ƙwaro ne ko tsutsar cikin laka dole ya tashi. Mu kuwa a lokacin damina ta ƙare ke nan, fadamu cike da ruwa, ciyawa ta yi 'ya'ya, fara da sauran ƙwari sun yi yawa.

Kafin su taso sai sun yi guzuri, kuma guzurin a jikinsu yake. Suna ci ba ƙaƙƙautawa har su tara kitse, wasu ƙananan sukan kusan ninka nauyinsu. Da wannan kitsen za su ƙetare tekun Bahar Rum da hamadar Sahara, wadda faɗinta daga arewa zuwa kudu ya haura kilomita 1,500. Tsattsewar Turai nauyinta bai wuce giram 20 ba, amma tana yin wannan tafiyar zuwa da dawowa duk shekara. Ƙananan sun fi tafiya da dare, suna gane hanya ta taurari, da inda rana ta faɗi, da kuma maganaɗisun ƙasa. Manya irin su shamuwar Turai sun dogara da iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa da rana, ita ke ɗaga su sama. Irin wannan iskar ba ta tashi a kan teku, shi ya sa suke taruwa su ƙetare ta inda ruwan ya fi ƙunci, wato tsakanin Sifen da Maroko inda bai wuce kilomita 14 ba, ko kuma su zagaya ta Turkiyya.

Su kansu Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke zuwa ba. Har akwai masu cewa tsattsewa na nutsewa cikin laka ne ta yi barci sai bazara. A 1822 aka harbo wata shamuwa a arewacin Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka soke a wuyanta. Ta yi dubban kilomita da shi a jiki. Har yau gawarta na ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 wani malamin makaranta a Denmak mai suna Mortensen ya fara sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, don duk wanda ya tsinci tsuntsun ya aiko da labari. Yanzu har 'yar na'ura ake ɗaura musu mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam. Da irinta aka ga wani tsuntsun bakin ruwa a 2022 ya tashi daga Alaska bai sauka ba sai tsibirin Tasmaniya, sama da kilomita 13,500 cikin kwana 11.

Masu shigowa da masu fita

Kaka lokacin canjin baƙi ne, domin akwai tsuntsayen da ke ƙaura a cikin Afirka kanta, kuma waɗannan Bahaushe ya san su sarai.

Shamuwa ita ce ta farko. Tana zuwa ƙasar Hausa gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari, ba mai taɓa ta. Da damina ta ɗauke sai ta tattara 'ya'yanta ta nufi gabashi da kudancin Afirka, inda ruwa ke sauka a lokacin da mu muke rani. Wanda ya ga garken shamuwa na shawagi a sama cikin Oktoba, sallama suke yi.

Shirwa kuma gangarowa take yi. Mazauna Ibadan da Legas za su shaida cewa tsakiyar damina ba a cika ganinta ba, sai wajen Oktoba ta cika sama, musamman kan kwata da juji. Da damina tana Arewa. Cilakowa ma haka, ana ganin ta jere-jere tana yin kudu idan Arewa ta fara bushewa. Balbela na bin shanu duk inda makiyaya suka nufa, ko da yake yanzu wasu sun zama 'yan gari a biranen Kudu, ba sa komawa.

Saboda haka wanda ya tsaya a bakin fadama cikin kaka yana iya ganin iri uku a lokaci guda: 'yan gida da ba sa zuwa ko'ina, 'yan ƙaurar cikin Afirka, da baƙin Turai. Najeriya na da nau'in tsuntsaye fiye da 900, kuma wannan ne lokacin da aka fi samun su a haɗe.

Kwandere da kewayenta

Kwandere gari ne a Ƙaramar Hukumar Lafiya, ƙasar Gwandara, mutanen da ke danganta asalinsu da Kano, harshensu ma ɗan'uwan Hausa ne na kusa. Mutanen waje sun fi sanin sunan garin saboda filin jirgin saman da aka fara a zamanin Gwamna Umaru Tanko Al-Makura, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Fabrairun 2022. Babu teku a nan, babu gandun tsuntsaye mai suna. Amfanin wurin shi ne inda yake zaune: tsakanin busasshiyar Arewa da dazukan Kudu, cikin kwarin Binuwai, inda ruwa ke kaiwa ƙarshen Oktoba yana sauka. Lokacin da tafkunan Katsina da Daura suka fara janyewa, rafukan nan da sauran ruwansu.

Ba sai an yi nisa ba. Gonar shinkafa da aka yanke aka bar ruwa kwance, kududdufin da aka haƙi ƙasa don aikin hanya, bakin rafi inda shanu ke shan ruwa, duk wuraren dubawa ne. Ga wasu baƙin Turai da ba su da wuyar ganewa a irin waɗannan wurare.

Akwai wani ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa a baya da farin ciki, yana bin gefen ruwa shi kaɗai, kullum yana kaɗa gindi sama da ƙasa kamar mai rawa. Idan ya tashi ƙasa-ƙasa yake bi da ruwa, fikafikansa na karkarwa. Shi ne ya fi kowa sammakon zuwa, tun Agusta ake fara ganinsa, kuma har a bakin manyan magudanan ruwa na Legas ana samunsa. Akwai ɗan'uwansa mai ɗigo-ɗigon fari a baya da ƙafa mai ɗan rawaya, shi ya fi son gonar shinkafa. A tsakanin ƙafafun shanu za ka ga wani siriri mai rawayan ciki da dogon bindi yana tsintar ƙwarin da shanun suka tayar. A saman karan dawa ko tsinin ciyawa akwai wani ƙarami mai farar gira da jan ƙirji, yana zaune yana dakon ƙwaro. A sama kuma ga tsattsewar Turai mai jan maƙogwaro da bindi mai reshe biyu. Idan an yi sa'a a ga wani shaho yana bin saman ciyawar fadama a hankali, fikafikai a ɗan ɗage, yana neman ɓera da kwaɗi.

'Yan gida ma suna nan: zalɓe tsaye cik kamar an dasa shi, kirinjijiya mai farar fuska da ke tashi garke-garke tana fito, dinya, jinjimi, da wani mai dogayen yatsu da ke takawa a kan ganyen bado ba ya nutsewa.

Wanda ke da lokaci ya faɗaɗa. Madatsar ruwa ta Doma ba ta da nisa da Lafiya. Akwai tafkin Peperuwa ta wajen Asakiyo, da tafkin Hunki a Ƙaramar Hukumar Awe. Kogin Mada na gangarowa daga tsaunukan Jos ya bi ta yammacin Lafiya ya faɗa Binuwai. Shi Binuwai cikin Satumba da Oktoba a cike yake taf, sai daga Nuwamba ruwan ke janyewa yashi ya fito, a lokacin tsuntsayen yashi ke taruwa a wurare irin su Loko da Tunga. Wurin da ya fi suna a yankin shi ne gandun dajin Pandam, a kan hanyar Lafiya zuwa Shendam, da zarar an shiga Jihar Filato. An kafa shi a 1972, yana da babban tafki mai dorina, kuma a 2008 aka sa tafkin cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci a duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971.

Filin jirgin Kwandere ya kawo wani lissafi daban. Tsuntsu da jirgi ba sa ga maciji, domin shirwa ɗaya ta isa ta lalata inji. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya na ba da shawarar a riƙa lura da duk abin da ke tara tsuntsaye cikin kilomita 13 daga filin jirgi, musamman juji da kwata. Ke nan sanin wane tsuntsu ke zuwa, a wane wata, kuma me ke jawo shi, ya zama aikin tsaron rayuka a wannan gari.

Darasin Haɗejiya da Nguru

Babban zangon tsuntsayen ruwa a ƙasar Hausa shi ne dausayin Haɗejiya da Nguru, tsakanin Jigawa da Yobe. Shi ne ruwa mai yawa na farko da tsuntsu zai tarar bayan ya ƙetare hamada. Ƙidayar da aka yi a Janairun 1997 ta haura tsuntsayen ruwa 300,000, da yawansu ƙananan agwagin Turai ne. A 1989 Yarima Filip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo har Dagona don ganin su. Tafkin Nguru ne wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin Ramsar a 2000, Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008.

Amma wurin ya canza. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya yadda ambaliyar shekara ke zuwa. Inda da ruwa kan zo ya janye, wasu wuraren sun bushe, wasu kuma ruwa ya zauna dindindin, ciyawar kacala ta mamaye ta toshe hanyoyin ruwa. Wanda abin ya fara ci shi ne manomi da masunci da makiyayi. Kacalar kuma ta zama maɓoyar jan-baki, tsuntsun da ke cinye gero da shinkafa. Abin da ya ɓata wa tsuntsu zango shi ya ɓata wa mutum gona.

Akwai wani misalin da ya nuna yadda ƙasashen nan suke ɗaure da juna. A bazarar 1969 masu ƙidaya a Birtaniya suka ga wani ɗan tsuntsunsu mai farin maƙogwaro ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 a shekara ɗaya. Da aka bi diddigi sai aka gano ƙarancin ruwan sama ne a yankin Sahel, inda yake cin rani. Wannan shi ne farkon farin da ya tsananta a 1972 zuwa 1974, wanda dattawanmu ba su manta ba, kuma ya koro iyalai da dama zuwa Kudu.

Ga mu mazauna Kudu

Abin da mutumin Kwandere ba shi da shi, mu muna da shi: teku, da wuraren da koguna ke shiga teku ruwan daɗi ya gauraya da na gishiri. A nan laka ke taruwa cike da tsutsa da ƙananan ƙaguwa, abincin tsuntsayen da suka fito daga can ƙarshen arewacin duniya.

Sirrin kallo a bakin teku shi ne sanin cika da janyewar ruwa. Teku na cika sau biyu ya janye sau biyu a kwana guda, tsakanin cika da janyewa kimanin awa 6, kuma kullum lokacin na ƙara jinkiri da kusan minti 50. Wata ne ke jan sa, don haka mai bin lissafin watan Musulunci ya riga ya samu sauƙi: cikar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen 14 da 15 ga wata. Idan ruwa ya janye sarai tsuntsaye na can nesa a warwatse. Lokacin da ya fi shi ne awa biyu kafin cika, ruwa na turo su kusa da kai, ko kuma da ya fara janyewa. A Legas bambancin cika da janyewa kimanin mita ɗaya ne, amma ta wajen Boni da Kalaba ya fi haka sosai, laka mai faɗi ke fitowa. Kowane masunci ko mai kwalekwale zai gaya maka lokacin ruwa na ranar.

A kan lakar ka nemi wani mai girman budurwar kaza, ruwan ƙasa, da dogon baki lanƙwasasshe zuwa ƙasa wanda yake zaro ƙaguwa da shi daga rami. A kan yashi akwai 'yan ƙanana farare da ke bin igiyar ruwa da gudu idan ta koma, su juyo da gudu idan ta dawo. Waɗannan a yankin ƙanƙara na Girinlan da Saberiya suke ƙyanƙyasa. A saman ruwa akwai farare masu tsinin fiffike da ke tsayawa a iska su faɗo ruwa su cafki kifi. Wani lokaci a ga babban shahon kifi, fari a ciki da baƙin layi a ido, yana faɗa wa ruwa da ƙafa.

Wuraren zuwa suna da yawa. A Legas akwai gaɓar Tarkwa Bay, da rafin Badagiri, da bakin ruwan Epe, da gandun Lekki mai hekta 78 wanda Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, ta buɗe a 1990. Mutanen Sabon Ibadan na da madatsar Eleyele kusa da su, ga kuma tafki da dajin cibiyar binciken noma ta IITA inda aka ƙidaya nau'i sama da 200, sai dai shiga can sai da izini. A Anacha yashin kogin Neja na fitowa da rani. A Imo akwai tafkin Oguta, a tsibirin Boni akwai gandun Finima. A Kuros Riba kuma, a ƙauyen Ebbaken da ke Boje, tsattsewar Turai na kwana cikin dogayen ciyayi na kan tudu, yawansu har ana lissafa shi da miliyoyi, kuma an sha samun masu zoben ƙasashen Turai a cikinsu.

Yadda ake yi

Abin ba ya cin kuɗi. Fita bayan sallar asuba zuwa hantsi ya fi, ko kuma bayan la'asar. Ka sa rana a bayanka don ka ga launi da kyau. Farar riga na korar tsuntsu, a sa mai duhu. Ka samu wuri ka zauna shiru na minti 15, za ka ga waɗanda suka gudu sun dawo. Kafin ka nemi suna, lura da abu huɗu: girmansa idan an gwada da kurciya ko kaza, siffar bakinsa, launin ƙafarsa, da abin da yake yi. Ka rubuta da ranar da wurin. Madubin hangen nesa na taimakawa, wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa ya isa, kuma ɗaya na iya wadatar da mutum huɗu. A waya akwai manhajar Merlin mai taimakawa wajen gane tsuntsu, da BirdLasser ta rubuta abin da aka gani.

Sai maganar kiyaye kai, domin rigakafi ya fi magani. Halin da ƙasa ke ciki, baƙo da madubi da kyamara a bayan gari abin zargi ne. A fara gaida mai unguwa ko mai gonar, a faɗi abin da ya kawo mutum, a tafi da ɗan gari, a dawo kafin magariba. Kada a kusanci shingen filin jirgi, barikin soja ko tashar jiragen ruwa da kyamara. Kwarin Binuwai ƙasar kububuwa ce, kuma lokacin girbi ta fi sara, don haka a sa takalmi rufaffe. Kada a shiga ruwan da ke kwance, nan ake ɗaukar tsargiya. A Pandam a bi jagoran gandun, dorina ba abokiyar wasa ba ce. A bakin teku a lura da ruwa na dawowa, kada ya yanke wa mutum hanya.

Inda abin ya taɓa kasuwarmu

Wani zai ce, mutum na fama da kuɗin haya da na makaranta, ina shi ina kallon tsuntsu? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma tana cikin sana'o'in da 'yan'uwanmu suka fi riƙewa a Kudu.

Na farko, masu sayar da kaji. Murar tsuntsaye mai tsanani ta fara ɓulla a Najeriya ne a wata gonar kaji a Jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006, ta sake dawowa a 2015 da 2021. Agwagin daji na iya ɗauko ƙwayar cutar daga nesa, amma da zarar ta shigo, kwanduna da motoci da kasuwannin kaji ne ke yaɗa ta. Mai haɗa agwagwar daji da kaji a keji ɗaya yana wasa da jarinsa da na maƙwabtansa. Wanda ya ga tsuntsaye sun mutu da yawa a bakin ruwa kada ya taɓa, balle ya kai gida, ya sanar da likitan dabbobi na ƙaramar hukuma.

Na biyu, masu fataucin tsuntsayen daji. An kafa dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 1985, aka yi mata gyara a 2016 aka ƙara tara. Tun Janairun 2017 an haramta cinikin aku mai jan bindi da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Gauraka, wadda da take yawo a fadamun Arewa garke-garke, yau da wuya ka gan ta a daji a Najeriya, kamu don ajiyewa a gidajen manya na cikin abin da ya gama da ita. Mahauta kuma su tuna yaushe rabon da su ga ungulu a kwata. A 2015 aka sa irin ungulun da muka saba gani cikin jerin halittun da ke gab da ƙarewa, kuma sayar da sassanta don magani na cikin manyan dalilai. Tsuntsun da ake ganin ba zai taɓa ƙarewa ba, cikin shekarun mutum ɗaya ya ɓace.

Na uku, manoma. Gaskiya ne wasu agwagi na taɓa shinkafa, kuma ɓarnar jan-baki da kabare ba ƙarama ba ce. Amma yawancin baƙin da aka lissafa a sama ƙwari da tsutsa suke ci. Shamuwa fara take ci, tsattsewa na wuni tana kama ƙwari a iska. Zuba guba a ruwa don kama kifi, ko barbaɗa hatsi mai guba a bakin fadama, na kashe mai laifi da marar laifi, sannan naman ya ƙare a tukunyar wani.

Na huɗu, gidajenmu. Fadamar da aka cike da yashi aka yi gini, a Lekki ne ko a gefen Lafiya, ita ce da take shanye ruwan sama. Wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022 a bakin Binuwai da Neja ya san inda ruwa ke zuwa idan an tare masa wurin kwanciya.

Akwai aikin da kowa zai iya

Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos, wadda ke haɗe da Jami'ar Jos, ta fara wani aiki a ƙarshen 2015 na zana taswirar tsuntsayen Najeriya. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi. Mai sa kai zai shiga gida ɗaya ya yi aƙalla awa biyu, ya rubuta duk nau'in da ya gane, ya tura ta waya. Akwai ƙungiyar matasan Arewa da ke wannan aikin, akwai kulob-kulob a Ibadan da Legas da wasu jami'o'i, kuma ba a tambayar takardar makaranta. Mafarauci, masunci da makiyayi sun riga ɗalibi sanin tsuntsu, abin da ya rage musu rubutawa ne kawai.

Wanda ya tsinci tsuntsu mai zobe a ƙafa, ko yara suka kamo, ya ɗauki hoton zoben yadda lambar da sunan ƙasar za su fito, ya rubuta rana da wuri, ya aika wa cibiyar ko ofishin NCF. Idan da rai ne a sake shi da zobensa.

Asabar ta biyu a watan Oktoba ita ce ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya, ana kuma maimaita ta Asabar ta biyu a watan Mayu, lokacin komawarsu. Rana ce mai kyau ta ɗaukar yara zuwa Eleyele ko Badagiri, ko bakin rafin Kwandere ga wanda ya je gida. Yaran da aka haifa a Sabo da Agege da yawa ba su taɓa jin kalmar kirinjijiya ko jinjimi ba. A tafi da dattijo ɗaya wanda ya yi kiwo ko su a ƙuruciyarsa, shi ya faɗi sunayen, yaran su rubuta.